Rahoton Aiki: Rushe Tsohon Gida da Shirya Filin Makaranta a Tudun Wada, Kaduna

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Kwamitin gini ya ɗora mini nauyin rubuta yadda aiki yake tafiya, domin iyayen yara da waɗanda suka ba da gudummawa su san inda aka kwana ko da ba su sami zuwa wurin ba. Gidan da za a rushe yana cikin Tudun Wada, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kuma magada ne suka bayar da shi waƙafi don a gina wa makarantar Islamiyyarmu ajujuwa. Fuloti ne mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30. Sashen gaba, zaure da ɗakuna uku, ginin ƙasa ne mai rufin azara wanda daga baya aka yi wa yaɓen siminti aka ɗora masa kwano. Sashen baya kuwa na bulo ne. Abin da za a gina bene ne mai hawa ɗaya, da ajujuwa shida da ofis da banɗakuna.

Mun jira damina ta ɗauke kafin mu taɓa komai, kuma burinmu shi ne harsashi ya fito daga ƙasa kafin azumi, wanda ake sa rai a farkon Maris, don kada ruwan farko ya tarar da ramuka a buɗe.

Takardu su ne suka ci watannin da suka wuce. Tun daga Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, saboda haka amincewar magada ta baki ba ta wadatar ba. An rubuta waƙafin, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, sannan aka bi sauyin suna a KADGIS, hukumar da aka kafa a 2015 don kula da takardun filaye na jihar. Zanen gini kuma ya tafi KASUPDA, hukumar tsara birane da ba da izinin gini ta jihar, tare da bayanin cewa akwai tsohon gini da za a kawar. Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya san ma'anar jan fenti a jikin bango, wato alamar za a rushe gini, don haka babu ɗan kwamitin da ya yi gardama a kan a jira izini. Izinin ya fito a makon jiya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau mun zagaya maƙwabta tare da mai unguwa da Injiniya. Gidan da ke bayanmu ba shi da matsala, akwai lungu a tsakani. Na gabas ne abin dubawa: katanga ɗaya muke tarayya da su, kuma katakon rufin kicin ɗinsu a cikinta aka kafa shi. Tsohuwar gidan ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ni ba na hana aikin Allah, amma idan katangar nan ta faɗi, a ina zan ɗora tukunya?" Injiniya ya ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, katangarki ba za ta motsa ba sai an gina miki wadda ta fi ta."

Wani daga cikinmu ya so a duba takarda a ga a filin wa katangar take, amma liman ya tunatar da mu hadisin da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a katangarsa, ya ce hakkin da aka bari shekara da shekaru ba a ƙwace shi rana ɗaya. Aka tsaya a kan cewa za a bar katangar a tsaye, a tokare ta da katako daga ɓangarenmu, mu ja sabon gini baya da ita. Injiniya ya ɗauki hoton kowace tsaga da ke jikin bangon gidajen biyu, masu gida suna kallo. Wannan ya yi wa wasu kama da rashin yarda, ni kuwa a ganina shi ne zai tsare zumunci, domin bayan an fara dukan bango kowace tsaga sabuwa take zama a idon mai ita.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ma'aikatan Kaduna Electric sun cire wayar gidan daga jikin turken wuta, an ajiye mita. An toshe bututun famfo daga bakin titi. An kewaye gaban fili da tsofaffin kwanuka, aka bar ƙofa ɗaya, saboda yaran unguwa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kafintoci sun gama sauke rufi. An bi tsari ne daga sama zuwa ƙasa: kwano tukuna, sai katako, sai ƙofofi da tagogi da firam ɗinsu. An ware kwanon da bai huje ba don rumfar ajiyar siminti, sauran da ƙarafan taga da tsofaffin bututu masu sayen ƙarfe daga Panteka suka auna suka biya, kuɗin ya shiga asusun kwamiti da rasiti. Azarar zaure ta ba kowa mamaki. Katakon da aka sa a sashen bulo, wanda ya fi ta ƙuruciya nesa ba kusa ba, gara ta cinye shi har yatsa yana shiga, ita kuwa azarar giginya ko ƙusa da kyar take kama ta. An jingine ta gefe, da ita za a tokare katangar Hajiya.

Silin ɗin sashen baya ne ya tsayar da aiki. Da Injiniya ya ga falle ɗaya da ya karye, ya duba bakin karayar ya ce asbestos ne, irin wanda aka yi ta sawa a gidaje shekarun baya saboda ba ya cin wuta kuma ba ya ruɓewa. Muddin yana zaune lafiya a wurinsa illarsa kaɗan ce, amma idan aka fasa shi ko aka yanka shi yana sakin zare-zare ƙanana da ido ba ya gani, su shiga huhu su zauna, kuma cutar da suke haifarwa, har da kansa, takan ɗauki shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana. Ƙasashe da dama sun haramta shi. Ingila ta rufe ƙofarsa gaba ɗaya a 1999. Leburori sun so su sa guduma su gama cikin sa'a guda, ɗaya ma ya ce sun fasa irinsa ba adadi ba abin da ya same su. Injiniya bai saurara ba. Aka jiƙa kowane falle da ruwa, aka zare ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu sanye da takunkumi mai tace ƙura suka sauke shi ɗungurungum, aka naɗe a leda mai kauri aka ɗaure. Mun ƙi sayar da shi duk da an yi tayi, domin wanda ya saya wani ɗakin zai kai shi ya yanka da zarto. Mun rubuta wa KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, muna neman a nuna mana inda ya dace a binne shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Bangaye sun sauka. An yi muhawara a kwamiti a kan a ɗauko katafila ta ture komai a wuni ɗaya, kuma masu wannan ra'ayi ba su yi ƙarya ba da suka ce kuɗin leburori na mako biyu ya kusa kuɗin hayar inji. Abin da ya kashe maganar shi ne faɗin layinmu, wanda motar da ke ɗauko katafila ba za ta iya juyawa a cikinsa ba, sai kuma girgizar da za ta yi wa katangar gabas. Da diga da guduma aka yi aikin. Baba magini, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya hana a sare bango daga gindi a ture shi, wadda ita ce hanyar da matasa suka fi so saboda saurinta. Sai da aka kafa abin takawa aka riƙa sauke shi layi-layi daga sama, ana jefa ɓaraguzai cikin fili ba waje ba.

Iskar hunturu ta fara kadawa, ƙurar ginin ƙasa kuwa ba ta da dama, saboda haka muka sa mai kurar ruwa yana yayyafa wa bango kafin a dake shi da kuma tulin bayan an sauke. Ranar Juma'a an tashi daga aiki da hantsi don kada masu tafiya masallaci su ratsa ƙura da fararen kaya.

An raba ɓaraguzan gida biyu. Fasassun bulo da guntayen kankare suna nan a kusurwa, za su yi amfani a ƙarƙashin daɓe. Ƙasar tsohon gini ba ta dace da ciko ba, domin an kwaɓa ta da ciyawa kuma tana laushi idan ta sha ruwa, don haka ake tura ta da baro zuwa bakin babban layi, inda tifa take ɗiba ta fita ta titin Nnamdi Azikiwe.

Talata, 10 ga Disamba

Ana fasa daɓen tsakar gida, kusa da inda turmi yake zama, sai digar wani yaro ta nutse har ƙota. Allah ya kiyaye bai bi ta ba. Da aka share wurin a hankali sai ga murfin kankare siriri, ba rodi a cikinsa sai guntayen waya da suka yi tsatsa, a ƙarƙashinsa kuma rijiya. Ba ta cikin zanen safiyo, kuma magadan da suka zagaya da mu ba su ambace ta ba, saboda an rufe ta tun suna ƙanana. Da muka tambayi Hajiya ta gabas, sai ta ce, "Ai kuwa da rijiya! Da ruwanta aka yi wankan sunan babbansu. Da famfo ya zo ne Malam ya sa aka rufe saboda yara." Ta kuma nuna mana da sandarta inda tsohuwar shadda take a kusurwar yamma, wadda ita ma ba wanda ya san da ita, ban da sokawe na sashen bulo da muka riga muka sani.

Da muka sauke igiya da dutse, zurfin ya kai kusan mita tara, da ruwa kaɗan a ƙasa. Bakinta an ɗaure shi da duwatsu, sauran jar ƙasa ce tsagwaronta, kuma gefe ɗaya ya zube ya yi kogo, abin da ke nuna ramin ya fi faɗi a ciki fiye da yadda yake a sama. Wani lebura ya ce zai shiga ya duba. Baba magini ya kunna fitilar kwalba ya ɗaura mata igiya ya zura, ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya ɗago ta ya nuna masa, bai ƙara cewa komai ba. Ramin da ya daɗe a rufe iskar shaƙa takan ƙare a cikinsa, wata iska mai nauyi ta kwanta a ƙasa, kuma mai shiga yakan faɗi ne kafin ya iya kira, sannan wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. An ɗora katako da kwano a bakin, an kewaye da igiya, an gaya wa mai gadi.

Da Injiniya ya shimfiɗa zane a kan baro ya auna, sai ga shi ɗaya daga cikin ginshiƙan tsakiya, waɗanda suke ɗauke da nauyin daɓen kankaren hawa na sama, ya faɗa kusan kan bakin rijiyar. Da katafila aka ɗauko, da ta danne murfin da ɓaraguzai, ramin ya cika rabi da tarkace, mu kuma mu kafa ginshiƙi a kai ba mu sani ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Wasu iyaye sun ba da shawarar a gyara rijiyar a bar wa makaranta, tunda ruwa abin nema ne a unguwar. Shawara ce mai kyau a fuska, amma ba ta yiwu ba. Masana tsabtar muhalli sukan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida, filinmu kuwa gaba ɗayansa tsawonsa ke nan, ga shaddar maƙwabta ta kowane ɓangare. Ruwan da yara za su sha ba a yi masa ganganci.

Ga yadda aka cike ta. An zuƙe ruwan da injin, aka fara zuba tsakuwa da manyan fasassun kankare masu tsabta a ƙasa, sannan yashi da aka riƙa bi da ruwa don ya shiga kogon gefe ya cike shi. Mita biyu na sama, inda aka faɗaɗa bakin har mutum zai iya tsayawa ba haɗari, marmara aka sa hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa kafin a ƙara wani. Leburori sun gaji da wannan, domin juye tifa guda a rami ya fi sauƙi, amma cikon da aka juye lokaci ɗaya samansa kawai yake danƙarewa, cikinsa sai damina ta zo yake zama. A ƙarshe za a zuba murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin ramin ta kowane gefe.

Duk da haka Injiniya ya ce ba zai ɗora ginshiƙi a kan ciko ba, komai kyawunsa. Ya matsar da ginshiƙin, ya ƙara wani, ya haɗa su da bim a ƙasa wanda zai tsallake ramin kamar gada. Tunda zanen ƙarfe ya canza, an mayar da shafin da aka gyara ga KASUPDA. Sokawe kuwa motar kwasar bayan gida ta zuƙe shi, aka fasa bangayensa da gindinsa don kada ya riƙe ruwa, aka zuba farar ƙasa, aka cike shi, aka kuma cike shaddar, ta hanya ɗaya da rijiyar.

Wannan ya ƙara mana kuɗin da ba ya cikin lissafi. Ma'aji zai karanta adadin a taron iyaye.

Asabar, 28 ga Disamba

Aiki ya lafa, wasu ma'aikata sun tafi gida bikin Kirsimeti. Mai tifar da muka ba kafin alƙalami na marmara ya kawo lodi biyu masu yumɓu, Baba magini ya dunƙula a hannu ya ga tana maƙalewa, aka mayar. An sare darbejiyar tsakar gida, an tono kututturen da saiwoyinsa. An kai silin ɗin asbestos inda aka nuna mana.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Masu gwajin ƙasa sun haƙa ramuka uku, biyu a gaba ɗaya a baya, sun ɗebi samfur. Bangon ramin da kansa yana ba da labari: sama akwai baƙar ƙasa gauraye da toka da gawayi da fasassun tukwane, shara ce ta shekarun zaman gidan, a ƙarƙashinta jar ƙasa mai laushi, sai a wajen mita ɗaya da 'yan kai diga ta fara tsalle a kan marmara mai tauri. Kaduna tana zaune ne a kan tsohon dutse, kuma marmarar da ke samansa tana ɗaukar gini da kyau idan an kai gare ta. A ramin baya ta fi nisa kaɗan, don haka harsashin wannan ɓangare zai fi zurfi, a sauko da shi mataki-mataki. A nan ne aka tarar da gidan gara a ƙarƙashin inda kututture yake; an tone shi har uwar, kuma za a yi feshin magani a ramukan harsashi kafin zuba kankare.

Safiyo ya gano alamun iyaka na siminti guda uku, ta huɗu ta ɓace a ƙarƙashin dakalin ƙofar gida, ya mayar da ita a gaban mai unguwa da maƙwabta. Awon tudu da gangare ya tabbatar da abin da magada suka faɗa, cewa ruwa yana shiga zaure duk watan Agusta: an yi ta ɗaga layin da ciko har daɓen gidan ya koma ƙasa da bakin kwata. An buga alama a jikin turken wuta, daga ita za a auna komai, kuma daɓen makaranta zai hau sama da bakin kwata da santimita 60.

Litinin, 20 ga Janairu

An kwashe baƙar ƙasar sama gaba ɗaya, an tono duwatsun tsohon harsashi, an baje fili, ƙaramin injin daddaɓa ƙasa ya bi shi. An bar gangare kaɗan zuwa titi. Murfin rijiya ya yi kwana 28 da zubawa, lokacin da kankare yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma babu tsaga ko alamar zama a kewayensa. Katangar Hajiya tana tsaye a kan azararta. Mun gwada da hotunan Nuwamba, tsaga ɗaya ce ta ƙaru a saman kicin, siririya, Baba magini ya toshe ta a ranar.

Amincewar zanen da aka gyara ta fito. Yashi daga kogin Kaduna da tsakuwa sun fara isowa, an zube su a kan shimfiɗar kwano don kada su gauraya da ƙasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aka fitar da gini a ƙasa. An kafa turaku da katako a kewaye, nesa da inda za a haƙa don kada diga ta taɓa su, aka buga ƙusoshi aka ja igiyoyi. An bar tazarar da zanen ya nuna daga titi da kuma daga katangar gabas, inda za a sami lungun da zai ba ajujuwa iska. Kowace kusurwa an gwada ta da awon uku, huɗu, biyar: mita uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, idan tsakaninsu ya ba da biyar cif kusurwa ta miƙe. Da aka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta sai aka sami bambancin santimita huɗu tsakanin layukan biyu. Birkila ya ce wannan yaɓe zai shanye shi. Injiniya ya ce, "Malam, yaɓe yana rufe bango, ba ya matsar da ginshiƙi," aka kwance igiyar yamma aka sake ja har awon ya zo daidai. Bayan nan aka bi igiyoyi da farar ƙasa, aka zana ramukan ginshiƙai goma sha huɗu, har da biyun da za su ɗauki bim ɗin kan rijiya.

Ranar Litinin za a fara haƙa daga ɓangaren baya, inda ya fi zurfi. Ramukan da ke kusa da katangar gabas ɗaya-ɗaya za a haƙa su, a zuba wa kowanne kankare kafin a buɗe na kusa da shi. Ba za a zuba komai a kowane rami ba sai Injiniya ya sauka ya duba gindinsa ya sa hannu a littafin aiki. Masu lanƙwasa rodi za su zo ranar Laraba, kuma ana buƙatar buhun siminti na farko ya iso kafin ranar.